Ranar da Bappa Ya Kira Ni Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na makarantar Bappa ba, ko da na so mantawa yaran unguwar Pantami ba za su bar ni ba. Bappa ƙanen mahaifina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya buɗe firamare bayan ya yi ritaya. Duk inda ya gabatar da ni sai ya ce, "Ga ɗana, mai gyaran waya." Ni kuwa aikina rubuta manhajar da ke cikin ƙananan na'urori ne, kuma wannan suna yana ci mini rai. Burina ɗaya, ya ce injiniya a gaban mutane.

Shi ya sa na ƙera masa na'urar ƙararrawa mai magana. Na naɗi muryata a ciki, na ƙara mata kauri yadda ya kamata, tana cewa lokacin shiga aji ya yi, lokacin tashi ya yi. Aka sa ranar taron iyaye don ƙaddamarwa.

Ana gobe taro sai na ga tsarin da nake harhaɗa manhajar da shi ya fito da sabon salo. Na sabunta. (Kada wanda ya ce mini don me. Tsohon yana da ɓaraka, kuma har gobe ina kan bakana.) Na harhaɗa, na ɗora a na'ura, sai ta ƙi tashi, wai ba ta ga laburaren sauti ba. Laburare a wajenmu guntun manhaja ne da wasu suka rubuta, taka take jingina da shi. Ashe sabon salon ya daina sako shi da kansa, sai ka rubuta sunansa a jerin abubuwan da kake buƙata, ka sauko da sabonsa, ka sake harhaɗawa tun daga tushe.

Wannan aikin wuni ne, ga wuta an ɗauke. Sai na yi dabarar da kowa a sana'armu ya sani, kowa kuma yake rantsuwa bai taɓa yi ba. Na kwafo tsohon laburaren, na laƙaba masa sunan sabon. Na'ura ta tashi, koriyar fitila ta kama. Lasifika tana can maƙale a makaranta, don haka ban saurara ba, na dai yaba wa kaina.

Washegari aka cika rumfa. Ga iyaye, ga mai unguwa, ga limamin da ya buɗe taro da addu'a, ni kuma na sha shadda ina tsaye kusa da na'ura. Bappa ya roƙi mai unguwa ya danna maɓalli.

Muryata ce ta fito, amma da gudu, siririya kamar ta ɗan akuyar da aka taka wa wutsiya. Tsohon laburaren ya karɓi sunan, amma bai gane lissafin saurin sautin ba. Yara suka fashe da dariya, mata suka rufe baki da mayafi, liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Mai unguwa ya zaci kuskurensa ne, ya sake dannawa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma ban sunkuya ba, na ma harɗe hannu kamar haka na tsara.

Bappa ya karɓi makirufo ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri. Ɗan nawa injiniya ne. Da mai gyaran waya ne, da ya gwada kafin ya kawo."

Ka ji yadda na samu sunan da na daɗe ina nema.

Na ɗauke na'urata na koma gida, na rubuta sunan laburaren inda ya dace, na jira wuta, na harhaɗa daga tushe. Yanzu tana magana da muryar dattijo. Bappa ya ce in mayar da siririyar, wai ita yara suka fi saurara, na ce sai dai ya nemi mai gyaran waya.

Har yau in na bi ta layin makarantar sai yara su maƙe murya su ce lokacin tashi ya yi. Ban daina sabuntawa ba, ba kuma zan daina ba. Na dai koyi cewa koriyar fitila ba shaida ba ce, kuma kafin ka nemi Bappa ya kira ka da wani suna, ka fara jona lasifika.