Rasuwar Rariyar Gishiri ta Hawa na Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba zan ɓoye ba, ni Abdulmun'im Shahata, mai kula da kayan ɗakin bincikenmu na Iskandariyya, ina sanar da rasuwar babbar rariyarmu ta ƙarfe.

Marigayiya ta yi rayuwarta tana tankaɗe gishiri, ƙwaya daidai da ƙwaya. A cuɗa shi da narkakkiyar roba, a wanke, gishirin ya narke ya bar ƙofofi kamar soso, inda ƙwayoyin halitta ke samun masauki su gina sabon ƙashi. Ba ta taɓa barin ƙatuwar ƙwaya ta wuce don 'yar wane ce ba. Mutane nawa za a yi wa wannan shaida? Maganarta ɗaya ce, "shaf, shaf, shaf", ba gulma a ciki.

Ajali ya same ta ranar Juma'a a gidan abokin aikinmu Dakta Midhat. An yi masa haihuwa, ranar bakwai ta zo, ranar da a al'adarmu ta Masar ake jijjiga jariri a cikin rariya, surukarsa ta rantse ba za a jijjiga jikanta a rariyar kasuwa ba alhali ubansa likita ne. Ya ɗauke marigayiya daga ɗakin bincike ba sallama. Aka kwantar da jariri a cikinta, mata na daka turmi suna yi masa huɗubar bin iyaye, shi kuwa ya miƙe ƙafa ya fasa ta da diddige. Yaron lafiya lau, Allah ya raya. Ubansa ya ce mini wai rami ɗaya ne kawai ya ƙaru a kan dubu. Na ce masa Allah ya shirye shi.

Ta bar ƙanne biyu masu manyan idanu, da turmi, da ɗalibarmu Nermin, wadda rabin aikin digirinta ya ratsa ta jikin marigayiya. In ta sauya rariya ƙofofin ba za su zo ɗaya ba, sai ta koma farko.

An shirya jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a akwatin tarkacen ƙarfe. Amma Nermin ta rungume gawar, ta liƙe raunin, ta ce gefe ɗaya na da sauran numfashi, zai tankaɗe cokali guda a lokaci guda. Saboda haka an ɗage binnewa sai ta gama. Masu ta'aziyya su zo da hannun riga a naɗe, kowa zai jijjiga rabonsa. Shayi sai bayan aiki. Dakta Midhat ne farkon layi.