Farar Riga da Akuyar Kaka

"...Lafiya lau, in ban da ciwon gwiwa da ganin fuskarka da sassafe," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen dusa ba.

Jikanta ne tsaye da farar rigarsa ta ɗakin gwaji, abin sauraron bugun zuciya rataye a wuya. Likitan Kwaɗi take ce masa, tun ranar da ya ba ta labarin yadda suke sa tsokar ƙafar kwaɗo ta motsa a jami'a. Sau biyu malaminsu yana dawo masa da rahotonsa na bugun zuciyar akuya mai hutawa, wai lissafin ya yi yawa. In aka dawo da na uku, sai maimaita darasin baɗi. Hankalinsa a tashe yake, amma ya gwammace ya faɗi da tsohuwar nan ta gane.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, aron akuyarki na sake zuwa."

"Ka ji mijin! Wasu suna kawo wa matansu turmin zane, nawa aron akuya yake zuwa."

"Ai na sake ki tun bara. Wa zai zauna da mai haƙora biyu?"

"Biyun nan sun tauna abin da talatin ɗinka ba su ko sansana ba."

Yana dosar turke akuya ta hau fizgar igiya tana kuka. Da ƙyar ya danne ta, ya ɗora abin a ƙirjinta yana duban agogo.

"Ɗari da talatin kuma! Laifinki ne, Kaka. In dabba ta firgita, akwai sinadarin da jikinta ke saki, shi ke sa zuciya gudu. Zama da ke ya hana nata sauka."

"Shekara shida muna tare, ba ta taɓa tsinka igiya ba. Wa ta gani yanzu ta haukace, ni ko kai?"

"To me na yi mata?"

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Mai allurar dabbobi da irin rigar nan yake zuwa, shashasha. Shekara nawa kake karatun nan?"

Ya dubi farar rigar da ke jikinsa. Abin haushin, shafin littafinsu da ya yi wannan bayanin ya haddace shi tsaf.

"Tuɓe," ta ce, ta wurgo masa tsohon zanenta. "Yafa wannan, warina ta sani."

"In abokaina suka gan ni fa?"

"Su ce yau dai ka yi kyau."

Ya yafa zanen, ya zauna a gindin turke da kwanon dusa, Kaka na ta ƙyaƙyata dariya. Sai da akuya ta ci, ta kwanta, ta fara tuƙa, sannan ya lallaɓa ya saurara. Ya ƙirga sau uku don kada a ce son rai ne.

"Saba'in da takwas," ya ce a hankali, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ninke farar rigar ya ɗora mata a cinya. "Karɓi, Farfesa. Na mayar da aurenmu."

"Kai ta can nesa da akuyata," in ji Kaka. "Kuma ka rubuta wa malamin naku cewa mai haƙora biyu ce ta fisshe ka."