Rasuwar Ta-Nguru, Lasifikar Dunoma Mai Shela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tare da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, ni Dunoma Ibram, mai shela a nan Gashuwa, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikata, wadda kowa ya fi sani da Ta-Nguru. Ta cika ranar kasuwar Jakusko da ta gabata, da hantsi, tana ɗaure a bayan babur ɗina, tana tsakiyar aiki. Shekara goma sha uku ta yi a hannuna.

A shekarar 1993 na ɗauko ta daga shagon marigayi Alhaji Zakir, ɗan kasuwar nan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Nguru, daga nan ne ta samo sunanta. Mai bakin ƙaho ce, launin toka, ƙarfenta mai kauri. Ba kyakkyawa ba ce, ban taɓa cewa kyakkyawa ce ba. Amma idan na tsaya da ita a bakin kogi na buɗe baki, masu aikin shinkafa a tsallake sukan ɗago kai su dafa ƙugu su saurara.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san gaisuwarta. Da na haɗa waya da batir sai ta yi "kiiiii" mai tsawo, awaki su watse, sannan ta ce, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Jama'a, salamu alaikum." Da bakinta aka gayyaci rabin garin nan ɗaurin aure da suna. Da bakinta aka ji zuwan taki da ranar allurar shanu. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ita ta zagaya unguwannin gangare tun ruwa yana idon sawu, mutane suka kwashe hatsi kafin ya kai gwiwa. A kasuwar Dapchi ta taɓa yin wuni guda tana cigiyar wata tsohuwa mai ruɗewa da ta ɓace wa 'ya'yanta, har wani mai rake ya kawo ta riƙe da hannu gab da magariba. 'Ya'yan suka ba ni zakara. Ni na ci, ita ko godiya ba a yi mata ba, kuma ba ta damu ba.

Ciwon ya fara ne shekara huɗu da suka wuce, bayan ruwan sama ya kama mu a hanyar Dapchi ba mu da leda. Tun daga ranar muryarta ta dushe. Na kai ta wurin Bappayo mai gyaran rediyo, ya buɗe ta ya sake naɗa mata waya, ta miƙe. Sau uku ana haka. A na ukun ya ce mini, "Malam Dunoma, ka fara tanadi. Ba ni da sauran inda zan kama a cikinta." Na ji, amma ban yi ba, don tanadin sai da abin da ya rage, ni kuwa ba ya ragewa.

Ranar da ta cika, wani bawan Allah ne ya ba mu cigiyar jakinsa. Ta ce, "Jama'a, ana cigiyar wani jaki mai..." sai ta yi "ƙurrr", ta yi shiru. Na bubbuga ta, na lashi bakin waya na sake haɗawa. Wari ne kawai ya fito, irin na ƙonannen gashi. Ban san ko an ga jakin ba.

Masu zuwa gaisuwa suna ta tambayata yaushe zan sayi sabuwa. Zan amsa a nan gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa.

Na je Nguru. Alamin, ɗan Alhaji Zakir, shi ke riƙe da shagon yanzu. Ya shimfiɗa mini tabarma ya fito da guda biyu. Ɗaya irin marigayiya ce a ido, dubu goma sha ɗaya, amma da na ƙwanƙwasa ta da farce sai na ji kamar gwangwanin madara. Ɗayar sabuwar yayi ce, baƙin akwati mai ƙafafun taya, batirinta a cikinta, makirufonta babu waya, tana cin faifai. Dubu talatin da takwas.

"Baba, wannan ita ake yayi," in ji Alamin. "Ka ji murya kamar mutum yana kusa da kai."

Gaskiyarsa ce. Da na yi magana a cikinta sai na ji muryata ta yi daɗi irin wanda ba ta taɓa yi ba, har na ji kunya. Na ce ya bar ni in fita da ita bakin titi. Na tura maƙwabcinsa mai sayar da buhu ya tsaya can wajen masu lemo, na yi sallama sau uku. Ya dawo ya ce ya ji kamar ana magana, amma bai gane me ake cewa ba. Marigayiya daga wannan wuri sai ta tayar da mai barci a tasha.

Na tambayi Alamin, idan batirin ya mutu fa? Ya ce sai a sa a wuta ta kwana. Unguwarmu sai mu yi sati ba mu ga wuta ba. Na ce idan ta lalace fa? Ya ce, "Sai dai Kano, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Duk da haka zuciyata ta so ta. Usama, wanda ya shigo sana'ar nan bara, irinta gare shi, kuma duk wani biki yanzu shi ake kira, don mata sun fi son mai kiɗa. Da na dawo gida na faɗa wa mai ɗakina Mairam, sai ta ce, "Malam, ka sayar da fadamar barkono. Ko in sayar da tumakina, mu haɗa."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Fadamar ita ke ciyar da mu wata biyar a shekara. Shela kuwa, tun da wayar hannu ta shigo garin nan, wanda akuyarsa ta ɓace sai ya bugo wa ɗan uwansa, mai gayyata sai ya tura saƙo. A da nakan fita sau biyar a mako. Watan da ta rasu, sau uku muka fita. Ni ma shekarata sittin da ɗaya, kuma tari ba ya barina in kai ƙarshen sanarwa ba tare da na tsaya ba. Idan na sayi mai tsadar, na sayar da abincinmu don in yi gasa da yaron da ya fi ni huhu. Idan na sayi mai arhar, kafin damina in sake rubuta irin wannan takarda. Na ce wa Mairam ta bar tumakinta. Ba zan sayi ko ɗaya ba. Ta kalle ni ta ce, "To me za ka yi?" Na ce ta bari mu sallami marigayiya tukuna.

Marigayiya ta rasu ta bar amfilifaya ɗaya, wato akwatin da ke ƙara mata ƙarfin murya, wanda yake da rai amma ba shi da bakin magana, da makirufo mai ɗaure da ƙyalle, da batirin mota mai yoyo, da ni.

Za a rabu da ita ranar Alhamis bayan la'asar. Bappayo zai zo ya cire maganaɗisun cikinta, ya ce zai yi masa amfani wajen tsintar ƙananan kusoshi. Ƙahon kuwa Mairam ta roƙa, za ta riƙa ɗura shinkafa a buhu da shi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, ƙarƙashin dalbejiya, bayan masallacin unguwa. Ba a buƙatar kawo komai.

Na liƙa takardar nan a tasha da ƙofar kasuwa. Wanda ya iya karatu, don Allah ya faɗa wa wanda bai iya ba, domin ba ni da abin da zan zagaya da shi in sanar.

Dunoma Ibram
Gashuwa, 2006