Ku Gaya wa Kakata Agwagi Ba Sa Sauri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kyautar Bayan Rai,
Gidauniyar Kare Agwagin Tafkin Halvor, Jihar Minnesota,
mai dogon hange, mai tattausar murya, wanda bai taɓa mance ranar haihuwar tsoho ba.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan agwaginku sun sauka kudu lafiya kafin sanyi ya kankama, ina neman izini in ba ka labarin abin da na gani wata Talata da safe a watan Oktoban nan.

Na biya gidan kakata, Arlys Haugland, a kan hanyata ta zuwa shagon tayar da nake aiki, don in ajiye mata madara da maganinta. Ban same ta a kicin ba. A sama na same ta. Tana kan tsani dab da rufin gida, sanye da rigar sanyin marigayi kakana, tana kwashe ruɓaɓɓen ganye daga indararo tana watsowa ƙasa. Matar nan ta haura tamanin, kuma likita ya hana ta hawa ko da benen coci sai ta huta a tsakiya.

Na kama tsanin na ce, "Kaka, me kike yi a can?"

Ta ce, "Rawa nake yi. Me ka ga ina yi?"

Na ce ta sauko in hau. Ta ce, "Kai da ka share mini gareji bara har yau ina neman almakashina? Yau baƙo zai zo. Gidan mutane ne, Dustin, ba zan bar musu shi kamar juji ba."

Mutanen da take nufi ku ne, ranka ya daɗe. Baƙon kuwa jami'inku ne, Mista Pruitt.

Ka san yadda aka yi, amma bari in tuna maka, tunda tsofaffinku suna da yawa. Shekarun baya kun shirya walimar rana a ɗakin taron cocinmu, Mista Pruitt ya tashi ya zana wa jama'a hanyoyin da mutum zai yi kyauta gwamnati ta sassauta masa haraji. A rubuta ku a wasiyya. A ba ku hannun jari kafin a sayar. A yanko muku daga asusun fansho, ko inshorar rai, ko tsohuwar motar da ta ƙi tashi, ko masarar da manomi zai kai ma'auni da sunanku. Ni da na je don naman kaza kawai, ban taɓa sanin jikin mutum yana da ƙofofi da yawa haka da alheri zai fita ta cikinsu ba. Kakata ta zaɓi mafi girma. Ta sa hannu gida ya zama naku tun yanzu, ita kuma ta ci gaba da zama a ciki har ƙarshen rayuwarta.

Kada ka ɗauka gidan nake wa kuka. Ina da ɗakina a saman shago, da tagar da ke kallon gidan mai, ya ishe ni. Gidanta ne, kuma tana son agwagin nan. Kakana ya shafe rayuwarsa yana harbinsu, tana ganin lokaci ya yi da iyalinmu za su nemi sulhu. Kukana a kan wasu ƙananan abubuwa ne, waɗanda na tabbata girmanka ya hana ka hango su.

Na ɗaya, ƙiyasi. Da kakata ta je wurin mai lissafin harajinta, Misis Vang, an bayyana mata cewa rangwamen da za ta samu ya dogara ne da shekarun da ake tsammanin sun rage mata. Ashe akwai jadawalin da ake dubawa. Kakata ta ce, "To nawa suka ba ni?" Aka gaya mata. Yallaɓai, shin kafin ku tura mace wurin da za a faɗa mata irin wannan adadi, kun binciki halinta? Matar nan in likitan haƙori ya ba ta lokaci, tana cikin mota a ƙofarsa tun kafin mai shara ya zo. Ba ta taɓa mayar da littafin aro a makare ba. Ku kun kira shi ƙiyasi, ita ta ɗauke shi alkawari. Kuma ya kusa cika.

Na biyu, ƙungiyarku ta Masu Barin Baya, wadda kuka sa ta a ciki ba da kuɗin rajista ba, mun gode. Kun ba ta ɗan agwagwan azurfa tana maƙalawa a ƙirji. Duk shekara kuna tara su a otal ku ba su kifi da dankali, sannan wani ya hau mumbari ya karanta sunayen waɗanda suka cika alkawarinsu a wannan shekara, wato waɗanda suka rasu, a yi musu tafi. Wane mai hikima ne ya kawo shawarar tafin? Ina so in san sunansa in gaishe shi. Ni na tuƙo ta gida bana, har muka wuce gadar jirgin ƙasa. Sannan ta ce, "Ka ji Verna Stromme ta riga ni. Kuma a bayana ta sa hannu."

Na ce, "Kaka, ai ba layin banki ba ne."

Ta ce, "Verna ko a makaranta haka take, sai ta nuna wa mutane."

Na uku, ziyara da katin gaisuwa. Mista Pruitt mutumin kirki ne, ba na ɗaga masa murya. Yana cire takalmi a bakin ƙofa, yana yaba labule. Sai dai in ya tambayi lafiyarta, numfashi ɗaya yake yi ya tambayi lafiyar tukunyar ɗumama gida. Katinku na ranar haihuwa kuma cewa yake, kullum kina ranmu. Na san da zuciya ɗaya kuka rubuta. Amma in wanda zai gaje ka ya ce kullum kana ransa, yaya kai za ka kwana? Sai kuma mujallarku ta bazara, mai zanen abin da gidan zai zama: rumfar kallon tsuntsaye, yara suna leƙe da madubin hangen nesa daidai inda gadonta yake yanzu. A ƙarƙashi kun rubuta, nan gaba kaɗan. Ta yanke hoton ta manna a jikin firij. Tun daga ranar ba ta ƙara buga ƙusa a bango ba. Itacen tuffar da ta yi niyyar dasawa ta ba maƙwabci.

Duk wannan da na haɗiye shi, don ni mutum ne mai iya jiran taya ta huce. Abin da ya sa na ari biro shi ne maganar asibiti.

Wata 'yar ƙofa a zuciyar kakata ta tsufa, ba ta buɗewa sosai. Likita ya ce aiki ne da suke yi kullum, kuma jikinta zai ɗauka. Ina zaune a wurin ya yi murmushi ya ce, "Misis Haugland, in aka yi wannan, kina da sauran shekaru masu yawa." Ya zaci albishir ya yi mata. Ta gyara zaman jakarta a cinya ta ce, "Masu yawa kamar nawa? Don akwai masu jira." Ya ba mu zuwa ƙarshen Nuwamba mu kawo amsa, ya ce bayan nan ba ya son a ƙara ja. Har yau ba ta kira shi ba.

Na yi magana har na gaji. Ta ce, "Kai jikana ne, dole ka faɗi haka." Misis Vang ta buga mata waya ta rantse cewa ba a cin tarar kowa don ya zarce jadawali. Ta ce, "Na sani, amma ai da kunya." Maƙwabcinta Orrin Lindqvist, wanda suke faɗa a kan shinge tun kafin a haife ni, ya leƙo ya ce, "Arlys, in kika mutu don agwagwa, ba zan zo jana'izarki ba." Ta ce, "Da ma wa ya gayyace ka? Ka zo ka cinye wa mutane kek."

Saura ku. Ku take jin nauyi, don haka bakinku kaɗai za ta ji.

Za ka ce ai Mista Pruitt ya taɓa gaya mata babu gaggawa. Gaskiya ne, ina wurin. Ta ce, "Ayya, kada ka damu da ni." Shi kuma ya koma kan shayinsa. A nan kuskuren yake, kuma ba laifinsa ba ne, a Arizona ya girma, inda na ji in mutum ya ce a'a to a'a yake nufi. A wajenmu ba a karɓar abu a tayin farko. Ko kofi ne, sai ka ce kada a wahala. A sake yi maka tayi ka ce ai yanzu ka sha. Sai a na uku za ka ce, to in dai an riga an dafa. Wanda ya karɓa a na farko mayunwaci ne, wanda ya yi tayi sau ɗaya ya tsaya kuwa da ma bai yi niyya ba. Kakata ta ji tayi ɗaya, ta jira sauran, ba su zo ba. Me kake so ta fahimta?

Ga roƙona, kuma ba zai ci muku ko kwabo ba. Ka zo da kanka kafin Nuwamba ya ƙare. Kada ka aiko kati, kada ka riƙo furanni, fararen nan na jana'iza musamman. Ka zauna a kicin. Za ta kawo kek, ka ƙi, ka sake ƙi, sannan ka ci, don ta san daga gidan mutunci ka fito. Kada ka kalli rufi. Sai ka ce mata agwagi ba sa sauri. Za ta ce kada ka damu da ita. Ka sake faɗa. Za ta ce ai ta riga ta ga zanen rumfa. Ka daure, yallaɓai, ka faɗa na uku, ka ƙara da cewa in ta ƙi aikin nan ofishinku zai ji kunya a gari. Daga nan ka miƙa mata waya, lambar likita tana jikin firij.

Ni kuma na ɗauki alkawarin indararonku. Zan riƙa kwashe shi duk shekara kyauta, ko shekara nawa abin zai ɗauka, kuma ina fatan ya ɗauka har ka yi ritaya ka bar wa na bayanka.

Ina roƙon afuwa in na taka girmanka a wani layi. Allah ya ƙara wa ofishinka haƙuri, ya tsawaita jiranku.

Naka mai biyayya, mai riƙe tsani,
Dustin Haugland

In kana shakkar abin da na ce na gani safiyar nan, ba ni kaɗai ba ne. Orrin Lindqvist yana bakin shingensa da kofi a hannu. Jolene mai raba wasiƙu ta tsayar da motarta ta kalla. Na ukunsu Mista Pruitt ne, wanda ya iso da kwandon lemo kakata tana sama. Ya roƙe ta ta sauko, ta ce a'a ba komai. Sai ya ajiye kwandon, ya karɓi tsanin daga hannuna, ya riƙe mata har ta gama.