Man Shanun da Ya Ƙi Daskarewa

Ba zan taɓa mantawa da ɗarin shekarar da na sauke karatun hisabi, ilimin taurari, ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

A lokacin kaina ya kumbura, wallahi. Malam ya koya mana lissafin taurari, wanne ke shigowa da sanyi, wanne ke fita da shi, ni kuwa na haddace su tsaf. Har tafiyata ta canja. Ko ruwa aka ce in miƙo sai na cusa Larabci a ciki (rabinsa ban san ma'anarsa ba, amma wa zai tambaye ni?).

Ina zaune ne a gidan Baffa Kolo, ƙanen babana, a cikin birnin Haɗeja. Yana da fadama ta wajen hanyar Guri, inda yake shuka alkama in ruwan kogi ya ja baya. Ita alkama ka san halinta, sanyi take so. In ka shuka da wuri zafi ya dafa ta tun tana tsiro, in ka makara bazara ta riske ta ba ta yi ido ba. Shekarar da ta gabata Baffa ya yi garaje ya tafka asara, irin shukar da yake da shi yanzu kuma tulu ɗaya ne tak, wanda wani ɗan'uwa ya kawo masa a ayarin Barno. In wannan ya lalace, to noman alkama ya ƙare a gidanmu.

Sai ga ni da iyayi, na ce ya bar komai a hannuna. Na gaya masa taurari lokaci kawai suke faɗa, amma wata shekara sanyi kan makara, don haka ni zan auna shi da kaina. Dabarata ita ce in zuba man shanu a ɗan kasko ya kwana a waje, kullum da safe in tsoma yatsa. Har suna na raɗa wa matakan: ruwa, kunu, tuwo. In ya kwana tuwo, ya sake kwana tuwo, a fita shuka. Baffa ya kalle ni kamar yana kallon alƙali, ya ce madalla da karatu.

Na ɗora kaskon a kan katangar da ta raba sashenmu da na Gwaggo Falmata, yayarsu Baffa, na rufe da faifai, na danne da dutse saboda kyanwa. In na dawo daga sallar asuba sai in ɗan koma cikin bargo (ɗalibi ma mutum ne), in gari ya yi haske in fito in duba, in je in kai wa Baffa labari da murya irin ta manya.

Da farko lafiya lau, ruwa ne, daga baya ya fara kunu. Na ce yauwa, ga shi nan tafe. Sai kuma abu ya rikice mini.

Sanyi ya sauko gari sosai. Masunta sun daina shiga ruwa sai rana ta ɗaga. Tsofaffi na kwana da garwashi a ɗaki. Ni kaina in zan yi alwala sai na tsaya ina kallon butar kamar mun yi faɗa. Amma in na tsoma yatsa a kasko, ruwa tsululu. Kunun ma ya gudu. Wata safiya har ɗumi-ɗumi na ji. Na sinsina, na lasa, na juya kaskon gabas, na canja faifai, duk a banza. Abin da ya fi ɗaure mini kai, yau man ya ragu, gobe ya ƙaru. Na koma na sake bin lissafin taurari daga farko, su ma sun ce sanyi ya shigo. Jikina ya ce ya shigo. Kasko ya ce ƙarya ne. Ni kuma, da yake kaskon dabarata ce, sai na bi bayansa.

Da Baffa ya fara tambaya, na tsara masa cewa sanyi iri biyu ne, akwai na fata akwai na ƙasa, wannan na fata ne, bai shiga ƙasa ba tukun (a nan take na ƙirƙiro, har ni na burge kaina). Na ƙara da labarin wani alhaji da ya ce a ƙasashen arewa sanyi daga sama yake zubowa fari kamar auduga, har a auna shi da gwiwa. Na ce in aka kwatanta, namu wasa ne. Ina bayanin haƙorana na karo da juna.

Ita kuwa Gwaggo kullum ta gan ni sai albarka. Har a bakin rijiya take faɗa wa mata babu yaro mai tunani irina. Na ce ka ga, har mata sun gane ilimi.

Ana haka gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tamu na nan ƙasa tsirara. Maƙwabcinmu Malam Bala ya riƙa tsokanar Baffa, wai ko alkamar tasa sai an ɗaura mata aure za ta shiga gona. Ranar da abin ya ishe shi, muna fitowa daga masallaci Baffa ya kama hannuna, ya gayyato Malam Bala da wasu dattawa biyu, ya ce a zo a ga ma'aunin ɗansa da ido. Ban taɓa zuwa wurin da wuri haka ba. Muna tafe ina ta zuba bayani.

Muka isa, na miƙa hannu kan katanga. Ga faifai, ga dutse. Babu kasko.

Na lalube, na yi tsalle na leƙa. Na fara cewa wataƙila aikin mutanen ɓoye ne, sai ga Gwaggo ta fito ta ƙofar sashenta da kaskon a hannu, ta riƙe shi da tsumma don zafi, dugaduganta na sheƙi kamar an wanke tasa.

"Kolo, lafiya da baƙi tun da duhu?" Sai ta juyo gare ni. "Ɗan albarka, yau ka riga ni. Ungo, na ƙara maka a kai, na ga ya kusa ƙarewa."

Baffa ya ce, "Yaya, me kike yi da shi?"

"Faso mana. Yaron nan ya ga ƙafata na tsagewa, bai ce komai ba, ya riƙa ajiye mini mai a kan katanga. Sai dai yadda yake kwana kamar dutse, dole in ɗora a bakin murhu kafin ya shafu."

Baffa ya tambaye ta tun yaushe yake kwana kamar dutse. Ta ɗan yi tunani, ta ce ai tun kafin su Bala su yi shuka.

Malam Bala ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaye ni a hankali ko wannan sanyin na fata ne ko na ƙasa. Na buɗe baki, Larabcin duk ya gudu, Hausar ma ta bi shi.

Baffa bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce in ɗauko tulun iri da fartanya. A ranar muka shuka. Da yake mun makara, bazara ta same mu alkama tana ɗanya, dole a ninka ban ruwa, kuma ba a yi shawarar wanda zai riƙe jigo ba. Ni ne safe, ni ne yamma, ina ɗebo ruwa ina juyewa har kafaɗuna suka daina jin maganata. Abin da muka girbe bai kai na kowa ba, amma ya mayar da tulun iri har da ɗan ragi. Ragin Gwaggo ta yi mini alkaki da shi, domin har yau ta ƙi yarda cewa ba don ita na ajiye man ba.

Har gobe ina auna sanyi, ban daddara ba. Sai dai kafin in ajiye komai a kan katanga, nakan fara binciken wa ke riga ni tashi a gidan.