Rasuwar Shuɗin Bahon Ya Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, gidan marigayi Malam Bukar na Mandawari yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar shuɗin bahon roba na Ya Kaka, uwar gidan. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da uku. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, a tsakar gida.

Marigayin ɗan asalin kasuwar Ƙofar Wambai ne. Bilkisu, 'yar Ya Kaka tilo, ita ta sayo shi tana da tsohon ciki, a cikinsa kuma aka yi wa 'yarta Murja wankan farko. Allah bai nufa Bilkisu ta ga yayen yarinyar ba. Tun daga nan Ya Kaka ta keɓe bahon ga jarirai. Ba a jiƙa wanki a ciki, ba a ba da aronsa, ko da mai neman aron liman ne. Da tsohon ɗankwali mai laushi take wanke shi, da ruwan ɗumi da sabulu. In dauɗa ta kama gefe, ta matsa lemun tsami, ta bari ya jiƙa, ta goge a hankali, ta kife shi a inuwa. Ba a taɓa jin muryarsa ba, in ban da "bum-bum" idan yara sun faki ido sun buga shi.

Ajali ya zo masa daga Kabara, sanye da zanen 'Yardada, ƙanwar Malam Bukar, wadda ta zo zaman jiran haihuwar Murja. Matar nan ta yi suna wajen wanke tukwanen biki, kuma a ganinta duk abin da Allah ya halitta tukunya ne. Ya Kaka ta sauko da bahon don shiri, ta leƙa maƙwabta gaisuwa. Ba wanda ya sa 'Yardada, ba wanda ya roƙe ta. Ta ɗebo toka, ta haɗa da yashi, ta ɗauki soson ƙarfe, ta durƙusa. Har ta bayan katanga an ji kukansa na ƙarshe: "ƙurrr, ƙurrr."

Ya Kaka ta dawo ta tarar da shi ya yi furu-furu, duk karce, cikinsa ya yi kaushi kamar dutsen goge faso. Fatar jariri ba za ta taɓa wannan ba. Mai aika-aikar kuwa tana tsaye riƙe da ƙugu, wai jiran sannu take yi. Tir!

Ya rasu ya bar kofin wanka, da kwandon kayan jarirai, da Ya Kaka, da Murja, da abin da ke cikinta, wanda kwanaki kaɗan suka rage ya shiga inda uwarsa ta shiga.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a bayan ɗakin girki. Ba za a yi masa wanka ba, wanda aka yi masa ya isa. Kada kowa ya kawo sabon baho. 'Yardada ta riga ta kawo wani ja, yana nan a zaure, shi da ita babu mai shigowa.

Masu son ganin gawa za su same ta a kife a ƙofar ɗakin Ya Kaka. Ana roƙon kada a tambayi Ya Kaka abin da take shafawa a gindin bahon. A nan Bilkisu ta rubuta sunanta da jan farce, yadda mata suke yi wa kayansu shaida don kada su ɓace a gidan biki. Ya Kaka ba ta yi boko ba, amma wannan rubutun ta san shi.

'Yardada ta ce tabon nan ne ya fi ba ta wahala, sai da ta ƙaro yashi.