Sharifu Presiyo da Motar Yaya Manzo

Sunan Sharifu Presiyo a bakin wata fasinja na fara jin sa, ranar da motar yayana Manzo ta mutu da mu tsakanin Magarya da Dungas, ina dawowa hutu daga kwaleji. Matar ta leƙo ta taga, ɗan akuya a cinyarta, ta ce, "Direba, kai ta wurin Presiyo mana. Shi da kunne kawai yake gane ciwon mota." Allah ya saka wa matar nan. Har yau muna tuna ta a gida.

Gaskiya kuwa, Magarya ba ta taɓa yin bakanike irinsa ba. Sauran makanikai hannunsu baƙi ƙirin. Nasa fes, har da zobe. Farar riga yake sawa irin ta likitoci, da tabarau wanda yake cirewa duk lokacin da zai duba wani abu. Wata huɗu ya yi a Kwatano, ya dawo da ɗan akwati mai igiya da ake jonawa a jikin mota, yana kiran sa baliz. Duk motar da aka kawo masa, ko ƙaho ne ya daina kuka, sai ya rufe ido ya ce matsalar presiyo ce, wato ƙarfin da mai ke tafiya da shi daga tanki zuwa inji. Ƴan tasha suka laƙaba masa sunan don tsiya. Shi kuma ya ɗauke shi sarauta.

Motar Yaya ƴar bas ce mai shan gazwal, wato man dizal, ita ke ciyar da gidanmu. Ciwonta ɗaya. Takan tashi lafiya lau, ta yi nisa, sai ta fara shaƙewa, jar fitila ta kama, ta mutu. A bar ta rabin awa, ta tashi kamar ba ita ba. Fasinjoji suka gaji da zaman daji, suka kai ƙara. Alhaji Ɗantsoho, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya ba Yaya wata guda ya gyara. Bayan wata guda, in ta ƙara zubar da mutane ko sau ɗaya, za a cire shi daga layi a ba wani.

Sharifu ya karɓi motar da fara'a. Ya jona baliz, ya sa kowa ya yi shiru, har mai shayin kusa. Baliz ta ce ƙarfin mai ya yi ƙasa.

"Kun gani?" in ji shi. "Ni da na'ura bakinmu ɗaya. Ta faɗa da Turancinta, ni na riga ta da Hausa. Manzo ƙanena, kwantar da hankalinka, ka zo babban asibiti."

Ya sauya matatar mai. Mota ta tashi, don dama ta huta. Kwana uku, ta mutu a hanyar Mallawa ranar kasuwa, da buhunan wake a samanta.

Aka buga masa waya. Ya iso a bayan babur, riƙe da laima. Bai taɓa ko ƙusa ba. Ya tara fasinjoji a inuwar gawo ya yi musu darasi a kan presiyo: yadda take a Jamus, yadda take lalacewa in ta shigo ƙasa mai yashi, yadda ya taɓa tada motar wani babban mutum da bai kamata ya faɗi sunansa ba, sannan ya faɗi sunan. Rabin awa cif. Ya shiga ya murza makulli, mota ta tashi. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Tun daga ranar Sharifu ya gane cewa inji ma yana jin nasiha.

Sai dai nasihar ba ta wuce kwana biyu. Aka sauya famfon mai. Aka cire injekta aka aika da su Kano, suka dawo suna ƙyalli. Aka sauya wata ƴar aba mai auna ƙarfin mai, wadda ya ce ita ce ke yi wa baliz ƙarya. Tunkiyar Inna ta bi kuɗin famfo, ɗan marakinmu ya bi na injekta. Da kayan sauyawa suka fara ƙarewa, likita ya koma kan majinyaci. Ya ce ƙafar Yaya ta yi nauyi a kan totur. Ya ce fasinjojin Dungas sun cika surutu, inji ba ya son hayaniya.

Wata Juma'a ya zo gidanmu cin tuwo, don likitan ƙwarai ba ya yin nisa da iyalin mara lafiya. Matar Yaya, Rahina, mai sana'ar man gyaɗa, tana ɗura mai a kwalabe a tsakar gida. Ta ce daga inda take, "Malam Sharifu, ni fa in ina ɗuri mai ya tsaya, ba na sauya kwalba. Mazurari nake dubawa, wani abu ne ya kwanta a bakinsa. An leƙa cikin tankin nan kuwa?"

Ya yi dariya har sai da ya ajiye loma.

"Uwargida, a Turai aka ƙera baliz. Injiniyoyi ne suka zauna. Da tanki ne, da ta ce tanki. Mota ba ƙuli-ƙuli ba ce, a bar wa masu ita."

Yaya ya ji kunya, ya ce Rahina ta shiga ɗaki.

Wata ya cika ranar Talata. Ranar Alhamis mota ta mutu a yashin Yekuwa da mata masu zuwa suna, aka kwashe su a amalanke. Kafin la'asar labari ya riga Yaya zuwa tasha. Alhaji Ɗantsoho bai ɗaga murya ba. Ya ce magana ɗaya ya yi, ya ba wani layin.

Washegari Rahina ta jera bahunanta a ƙofar gida. Yaya ya dube su, ya dube ta, ya shiga ƙarƙashin mota ya sauke tanki. Suka juye gazwal ɗin. A baho na biyu wani abu ya taso yana lilo: guntun leda, bai kai tafin hannu ba.

Kowa a nan ya san ledar. Masu sayar da gazwal a jarka a bakin hanya ita suke shimfiɗawa a bakin jarka kafin su murɗa murfi, don kada mai ya zuba. Wurinsu Yaya ke shan mai kullum. Wata rana guntu ɗaya ya bi mai ya faɗa tanki. In inji na zuƙa, sai ta manne a bakin tiyo ta toshe shi. In ya mutu, sai ta saki a hankali ta koma yawonta. Rabin awa take ɗauka, da darasi ko babu darasi.

Motar ba ta ƙara mutuwa ba. Tana ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, wani lokacin a ɗauke ta jidon bulo.

Sharifu ya zo ganin ledar da kansa. Ya cire tabarau, ya juya ta da tsinke, ya gyaɗa kai.

"Nan na nufa tun farko. Haka ilimi yake, sai ka kawar da abin da ba shi ba ne ɗaya bayan ɗaya, har gaskiya ta rasa wurin ɓuya. Ba don na sauya famfo ba, wa zai san ba famfo ba ne?"

Rahina ta ci gaba da wanke bahonta.

Da zai tafi, ya yafito ni zaure, ya rage murya.

"Ƴar lakwal, ke da kike makaranta, an ce hannunki na da kyau. Ki rubuta mini takardar shaida da Faransanci, in sa a gilas in rataye a garaji. Ki ce mota ta warke a hannun Injiniya Sharifu bayan dogon bincike. Kada ki ce leda, nemo mata suna mai nauyi. In kin gama, ki kai wa Manzo ya sa hannu. Ba gaggawa, ai yanzu kullum yana gida."